Layi Na Uku

Kowa a layin, Gaggawa yake ce mata, har 'yar da ta haifa sai da ta shiga makaranta kafin ta san ba shi ne sunan uwarta na gaskiya ba. Mijinta ne ya laƙaba mata, kuma wallahi bai zalunce ta ba. Mace ce da idan ka shigo shagonta da yadi a hannu, kafin ka gama gaisuwa ta auna kafaɗarka da ido, ta faɗa maka abin da ka zo ɗinkawa, ta yanke maka ranar dawowa. Idan ka tsaya laluben kalma, ita za ta lalubo ta miƙa maka. Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne, sau tara cikin goma daidai take faɗa.

Ba daga sama ta samo halin ba. Su tara ne a wurin iyayensu, ita ce ta bakwai, a gida mai ɗaki biyu. A irin wannan gida in ka tsaya tauna magana, kafin ka haɗiye wani ya riga ka, an wuce wurin. Karatu ba ta yi nisa ba, iyakarta ta iya rubuta awon mutum da sunansa. Tana da shekara goma sha huɗu gwaggonta ta zaunar da ita a kan keken ɗinki, kuma tun daga ranar ƙafarta ba ta huta a kan feda ba.

A shagon gwaggon ta haɗu da shi. Wani dogon saurayi ne ya shigo da wando a naɗe, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Dama... wato... aljihun ne..."

Ta karɓa ta juya aljihun, farin gari ya zubo. Ta ce, "Ya huje. Alli kake zubawa a ciki, malamin makaranta ne kai. Ka dawo jibi."

Ya dawo jibi, ya kuma dawo gata, ya yi ta kawo kayan da babu abin da ya same su. A zuwa na tara ya tsaya yana murza hannu. "Dama na ce... idan babu damuwa... ko zai yiwu..." Tana da allurai uku a baki, irin yadda teloli ke riƙewa idan hannu ya cika. Ta zare su ta ce, "Ka zo ka ga babana ranar Asabar da safe, kafin ya fita." Haka aka yi auren, kuma har suka tsufa yana ba da labarin cewa shi bai taɓa neman aurenta ba, farawa kawai ya yi.

Latin yake koyarwa a sakandare. Tsohon harshe ne da babu sauran mai ciniki ko faɗa da shi, sai a littattafai. A harshen nan suna ba ya zama wuri ɗaya, wutsiyarsa tana sauyawa gwargwadon aikin da yake yi a magana, don haka yara ke haddace kowane suna a jere, layi-layi. Malam da kalmar aboki yake fara wa 'yan aji ɗaya. Sai ya ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsa, yaro ya ce amicus, wato aboki idan shi ya yi abu. Ya sake ƙwanƙwasawa, amici, na aboki. Na uku, amico, idan aboki aka ba wa abu ko aka yi wa. Na huɗu amicum, na biyar amico kuma. Bugu biyar, layi biyar.

A layi na uku yara suka fi tuntuɓe, kuma a nan Malam ya yi suna. Ba ya duka, ba ya tsawa, ba ya kuma faɗa wa yaro amsa ko da za a tashi duniya. Sai ya ajiye alli, ya harɗe hannu ya ce, "Ina jira." Ya kan jira har aji ya yi tsit, har yaro ya jiƙe da gumi, wani lokacin har a kaɗa ƙararrawa. Ina Jira ɗalibai ke kiransa a bayan ido. Da yawansu sun ce da ya zane su da ya fi musu sauƙi, amma abin da suka fitar da bakinsu a cikin shirun nan ba su taɓa manta shi ba.

Gaggawa kuwa ko a jikinta. Ta kan ce, "Yaren da masu shi suka mutu suka bari, kai ka ɗauka kana goyo." Shekara talatin da takwas suna tare, ko kalma ɗaya ba ta koya ba, ba ta kuma ga dalilin koya ba. Shagonta shi ne ɗakin gaba na gidansu, yana gyaran takardun yara a falo, tana taka keke, ƙofa a buɗe tsakaninsu. Zai ɗago ya ce, "Gaggawa, ko kin ga..." ta ce, "Yana kan rediyo," ba tare da ta waiwayo ba, kuma tabarau ɗin yana kan rediyon. Bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake ita ce rabin bakinsa, kuma yana faɗa ne da jin daɗi.

Daga baya makarantar ta cire Latin daga darussa, aka ce babu mai bukata. Ya kwaso littattafansa a kwali huɗu ya dawo gida, bai yi ƙorafi ga kowa ba. Shekara huɗu da ritayarsa, wata Talata da safe, yana shan shayi kofin ya suɓuce daga hannunsa. Ta taso da faɗa a bakinta saboda shimfiɗar tebur sabuwa ce. Sai ta ga gefen bakinsa ya karkace, idonsa a kanta, yana so ya yi magana. A karon farko a rayuwarta ba ta san abin da zai ce ba.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganar kuma ta tafi. Yana ji, yana ganewa, idan an yi abin dariya rabin fuskarsa ya kan yi murmushi. Amma in ya buɗe baki babu abin da ke fitowa sai "to, to." Ruwa "to" ne, zafi "to" ne, sunanta ma "to" ne.

Da aka sallame su aka haɗa su da likitar magana, wata matashiya mai sanyin murya, a wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen barandar asibitin. Tebur ɗaya ne, kujera biyu, da agogon bango mai ƙara. Ba ta ɓoye wa Gaggawa komai ba. Ta ce, "Mama, sati goma sha biyu aka ba mu, sau biyu a sati. Ni kaɗai ce a nan, ga sunayen masu jira can a bango. Idan an ga Baba yana ci gaba, za a ƙara mana wata shida. Idan ba a gani ba, wani za a ba wa gurbinsa. Kuma watannin farkon nan su ne masu amfani, bayansu abin yana wuya ƙwarai."

Gaggawa ta ce, "Zai yi magana," kamar tana yanke wa mai ɗinki rana.

Sati uku babu labari. An gwada ƙirga, an gwada ranakun mako, an nuna masa hoton kofi da na kaza. Babu wurin zaman mutum na uku a ɗakin in an shigo da kujerarsa mai taya, don haka ita a benci take zama a waje tana kalmasa bakin zane da hannu. Ana turo shi ta dubi fuskar likitar, ta san amsa.

Ran nan da la'asar mai kemis na bakin titi ya shigo dubiya. Mutum ne mai furfura da tumbi, amma tsohon ɗalibin Malam ne, kuma har yanzu in ya shigo gabansa sai ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya zauna a gefen kujera, ya yi gaisuwa, hira ta ƙare masa. Don dai ya kashe shirun, ya ƙwanƙwasa ɗan teburin da ke gaban Malam ya ce da wasa, "Malam, ban manta ba fa. Amicus." Ya sake ƙwanƙwasawa.

Malam ya ce, "Amici."

Gaggawa tana tsaye da faranti a hannu, ta daskare. Mai kemis ya yi bugu na uku. Fuskar Malam ta murɗe, jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa yana rawa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Mai kemis bai ce uffan ba. Ba dabara ba ce, tsoro ne na shekara talatin, don a ajin mutumin nan ba a taɓa raɗa wa wani amsa ba. Ita kuwa bakinta har ƙaiƙayi yake yi ta taimaka, amma da me? Ba ta san abin da ke biye ba. Haka suka tsaya su biyu kamar gumaka, har kusan minti biyu.

Sai ga shi ya fito, a karkace, da yawu a gefe, amma ya fito. "A... mi... co."

Ta ajiye farantin a ƙasa ta zauna kusa da shi ta fashe da kuka. Mai kemis ma ya juya baya yana share ido da hularsa.

Da ta ji labari, likitar magana ta yi murna har ta kama hannun Gaggawa. Ta ce abin da mutum ya maimaita dubban sau ya kan tsira a wani lungu na ƙwaƙwalwa, kuma ta wannan ƙaramar ƙofa ake bi a shiga. Idan zuwa sati na goma sha biyu Baba ya iya jero layi biyar ɗin nan da kansa, babu mai taya shi, to ta samu abin da za ta nuna wa babban likita. Daga nan sai a ɗora masa ruwa, a ɗora masa zo, a ɗora masa sunan matarsa. Ta ce, "Ku dinga yi a gida kullum. Amma ki ba shi lokaci, Mama."

Gaggawa ta ce, "Lokaci ai shi muke da shi." Ta ɗauka ta gane, kuma likitar ta ɗauka ta gane. Babu wanda ya tsaya ya tambayi nawa ne lokaci a wurin mace irin wannan.

A hanyar komawa gida ta yanke shawara. Yaya za a yi ta taya miji aikin da ba ta sani ba? Ba za ta sake tsayawa kamar gunki yana shan wahala a gabanta ba. Washegari ta je kemis, ta ture masu sayen magani ta ce, "Rubuta mini." Ya rubuta mata layi biyar a bayan kwalin magani. Ta karanta, ya ce ba haka ba, harafin nan da take gani kamar na cokali, a yaren nan ka ake furta shi. Ta ce, "To me ya hana su rubuta abin da suke nufi?" Da ta ga na uku da na biyar iri ɗaya ne ta ce, "Ka ga irinta ko? Mutanen nan neman fitina kawai suke yi, shi ya sa suka ƙare."

Amma ta koya. Tana da shekara sittin da ɗaya, da tabarau a karan hanci, ta kwafe layukan da allin tela a kan katakon kekenta. Duk taku ɗaya na feda layi ɗaya. Masu kawo ɗinki suka riƙa jin ta tana gunguni suna tambaya ko lafiya, ta ce musu su kula da abin da ya kawo su. Cikin kwana goma aboki ya zauna mata daram. Ba ta tsaya nan ba, don ita ba ta iya yin abu rabi ba. Ta kwance kwalayen Malam da ta sha yi wa barazanar za ta ba masu gwangwan, ta nemo littafin 'yan aji ɗaya. Ta haddace ƙofa, porta, ta haddace uwa, mater, matris, matri. Ta gano cewa kowane gida na sunaye da irin wutsiyarsa a layi na uku, wani o, wani i, wani ae, kuma in ka san gidan ka san wutsiyar. Abin ya yi mata kama da yanka, in ka san jikin mutum ka san inda almakashi zai bi.

A gefen shafukan ta riƙa cin karo da rubutunsa, sirara da jan biro. A wani wuri ya rubuta sunan wani yaro, a ƙasa ya sa: ya sani, tsoro ne kawai, kada a taya shi. Ta karanta ta yi murmushi ta ce, "Allah sarki Malam," ta buɗe shafi na gaba. Kwanakin nan su ne mafi daɗi da ta yi tun faɗuwarsa. Ta ji kunyar shekarun da ta yi tana yi wa aikinsa dariya, ta kuma ji kamar yanzu ne ta shiga ɗakin da ya yi rayuwarsa a ciki.

Sau uku a rana take turo shi gaban ɗan teburin, bayan karin safe, da azahar, da la'asar. Ta ƙwanƙwasa, ya ce amicus. Ta ƙwanƙwasa, ya ce amici. Ta yi na uku, sai fuskar nan ta fara murɗewa, jijiya ta tashi, ido ya yi ja. Duk wanda ya taɓa son mutum ya san abin da ake ji. Ta kan ba shi lokaci, tsakani da Allah ta kan ba shi, ta ja numfashi ɗaya, ta ja na biyu. Sannan a hankali, kamar mai sa wa jariri abinci a baki, ta ce, "Amico."

Ya ce, "Amico." Tas, babu gargada, babu gumi. Fuskarsa ta saki, ya dube ta da godiya.

Ita a wurinta wannan ci gaba ne, kuma wa zai ce mata ba haka ba? Abin da ya ɗauke shi minti biyu a gaban mai kemis, yanzu layi biyar ɗin gaba ɗaya ba sa cin minti ɗaya. Ta kira 'yarta da ke aiki a wani gari mai nisa ta ce, "Babanki ya kusa tashi, ki ji yadda yake zuba yaren nan." 'Yar ta ce, "Umma, da gaske?" tana kuka a waya. Gaggawa ba ta lura ba cewa ya daina murɗe fuska tun kafin ta yi magana. Ba ta lura ba cewa yanzu idan ya kai na uku ba ya ko gwadawa, bakinta kawai yake kallo.

Likitar ce ta lura, amma ba ta san dalili ba. A sati na biyar ya kan kai layi na uku da ƙyar, ran sa'a har na huɗu. A na bakwai ya tsaya a na biyu. A na tara ya kan faɗi biyun farko, sannan ya juya kai yana kallon ƙofa. Ta sake duba magungunansa, ta tambaya ko yana barci, ko ya sake faɗuwa. Gaggawa ta ce lafiyarsa ƙalau, a gida kamar rediyo yake, wataƙila ɗakin ne ba ya so.

A sati na goma likitar ta fitar da kujera ɗaya waje ta ce, "Mama, shigo ki nuna mini yadda kuke yi a gida."

Ta shiga da ƙarfin gwiwa, har da gyara ɗaurin kallabi. Ta ƙwanƙwasa tebur. Amicus. Amici. Ya ɗago ido ya dubi bakinta, ta ce amico, ya ce amico. Ta ce amicum, ya ce amicum. Suka sauke layi biyar cikin ƙiftawar ido, ta juyo tana jiran yabo.

Likitar ta ajiye biro a hankali. "Mama, yaushe kika iya wannan?"

"Sati biyar ke nan. Har ƙofa da uwa na iya, in kina so in..."

"Kullum haka kuke yi?"

"Sau uku a rana. Ban taɓa fashi ba."

Matashiyar ta rufe fuska da tafin hannu, sannan ta buɗe. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Laifina ne, da na shigo da ke tun farko. Mama, wahalar nan da kike gani a fuskarsa, ita ce maganin. A lokacin ne ƙwaƙwalwar ke haƙa sabuwar hanya. Duk ranar da aka miƙa masa kalmar, ta daina haƙa. Maimaitawa daban, nemowa daban. Yanzu abin da ya koya shi ne ya jira ki."

Gaggawa ta juya ta dubi Malam. Kanta da ya saba da lissafin yadi ya yi lissafin da kansa, ba ta sa shi ba: kwana talatin da biyar, sau uku-uku, sama da sau ɗari. Sau ɗari tana toshe ramin da yake haƙawa, tana murna. Ta tuna ranar mai kemis, ta gane abin da ya cece shi a ranar jahilcinta ne. Ta tuna jan biron nan a gefen shafi. Ya rubuta mata da hannunsa, ta karanta, ta ce Allah sarki, ta wuce.

Ta ce, "Sati biyu ya rage. Zai gyaru?"

Likitar ta ce, "Mu gwada." Ba ta dube ta ba da ta faɗa.

Ta san bakinta, ta san ba zai yi mata biyayya ba. Don haka da suka zauna washegari ta ɗauko allurai huɗu ta jera a tsakanin leɓɓanta, kamar mai shirin kama bakin riga. Da allura a baki ba a magana, wannan ko gwaggonta ta shaida. Ta ƙwanƙwasa. Amicus. Amici. Ya dubi bakinta.

Ya jira. Ai shi gwanin jira ne, da shi ya ci abinci shekara talatin. Ya dube ta cikin natsuwa, minti ɗaya, minti biyu, yana ganin ta manta ne. Sannan idonsa ya sauya. Ya ce, "To. To." Ta girgiza kai, hawaye na bin kumatunta suna sauka a kan alluran. Ya ɗaga hannun hagu ya daki teburin har kofi ya faɗi. Ranar bai ci abincin rana ba, ya juya fuska bango. Ta yi masa bayani sau uku, ta tabbata ya ji, amma in aka zo layi na uku bayanin ba ya zuwa tare da shi. Abin da yake gani kawai shi ne matar da ta yi shekara talatin da takwas tana ƙarasa masa magana ta zauna tana kallonsa yana nutsewa.

Ta gwada barin ɗakin. Ta roƙi mai kemis ya rufe shago ya zo, ita ta koma bayan ƙofa ta tsaya. Ta ji bugu, ta ji amicus, ta ji amici, sannan shiru. Mai kemis ya jira minti goma sha biyar cur, irin jiran da aka koya masa. Da ya fito ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "Mama, ba ya nema. Ƙofa kawai yake kallo."

Ranar ƙarshe ta zo da safe, Alhamis ce. Ta yi masa aski, ta sa masa farar rigar da ya fi so, wadda ta ɗinka masa da aljihu mai kauri saboda alli. Babban likita ya shigo da fayil a hannu, ya tsaya a jikin bango don babu wurin zama. Aka fara da ita a waje, Malam ya ƙi ko buɗe baki, wuyansa a juye wajen ƙofa. Sai aka ce ta shigo ta tsaya a bayan kujerarsa inda ba zai gan ta ba. Ta ciro alluranta daga gefen kallabi ta sa a baki. Babban likita ya dube ta da mamaki.

Likitar magana ta ƙwanƙwasa. "Amicus," in ji Malam, da muryar aji, har babban likita ya ɗaga gira. Ta sake. "Amici." Ta yi na uku.

Agogon bango ya yi ta bugawa. Gaggawa tana kallon ƙeyarsa, tana faɗar kalmar a cikin ranta da ƙarfin da take ji kamar za ta fasa ƙirjinta ta isa gare shi. Sai ta ga kafaɗarsa ta hagu ta motsa. A hankali, da wahala, yana jan mataccen ɓarin jikinsa, ya murɗa wuya har ya samo ta. Ya sa ido a bakinta. Babu fushi a idon yau, roƙo ne kawai, irin na wanda ya san a gaban baƙi ba za ta bari ya ji kunya ba.

Ba ta taɓa yin shiru irin na ranar ba. Ta datse leɓe har allura ɗaya ta soke ta, ta ji ɗanɗanon jini. Minti biyu aka ce za a ba shi, likitar magana ta ja shi zuwa huɗu, tana yi kamar ba ta ga agogo ba. Babban likita ya duba na hannunsa, ya buɗe fayil ya yi rubutu gajere. Ya ce, "Sannu Baba, ka yi ƙoƙari. Sannu Mama." Aka ba ta takarda mai hotunan kofi da kaza, aka ce su ci gaba a gida, ba a san abin da Allah zai yi ba. A benci a waje wani mutum yana zaune riƙe da hannun wata mata mai karkataccen baki, yana ganin an turo Malam ya miƙe tsaye.

Sun isa gida kafin azahar. Ta kai shi falo, ta cire masa takalmi, ta shiga shago ta zauna a gaban keke ba ta taka ba. Layukan alli suna nan a kan katakon, sun fara gogewa inda yadi ke bi. Waya ta yi ƙara, sunan 'yarta ne, ta bar ta ta yi ta ƙara har ta gaji. Wata mata ta leƙo da leda a hannu ta ce, "Dama na zo ne a kan..." ta tsaya, don ta saba a nan ake karɓe mata. Gaggawa ta dube ta kawai. Matar ta ce za ta dawo wani lokaci.

Da la'asar ta ji ƙwanƙwasa daga falo. Ta leƙa. Shi ne, da bayan yatsan hagu a kan ɗan teburin, lokacin darasi ya yi. Ta jawo kujera ta zauna a gabansa, ta sa alluran a baki don hannunta ya riga ya saba.

Ya buga da kansa. "Amicus." Ya buga. "Amici." Ya buga na uku, ya ɗago ido.

Ta jira. Ta ƙirga a zuci har sittin, ta sake ƙirga wani sittin ɗin, ko da wani abu zai motsa a fuskar nan, ko jijiya ɗaya ta tashi. Babu abin da ya motsa. Babu sauran sati, babu fayil, babu wanda za a nuna wa. Mijinta ne kawai a cikin farar riga yana jiran ta, kuma ya gaji.

Ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya ta soke su a gefen kallabi. Ta ce, "Amico, Malam."

Ya ce, "Amico," tas, ya lumshe ido ya sauke numfashi. Sannan ya buɗe, ya ƙwanƙwasa teburin, ya zuba wa bakinta ido yana jiran na huɗu.